Amsa ga ɗana a kan sadakar arba'in da ranar gwaje-gwaje

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan karatu yana tafiya daidai, na samu saƙonka. Ka ce sadakar arba'in ta marigayi mijin gwaggonka ta faɗo ranar Alhamis a unguwar Aboabo a Kumasi, kuma a safiyar ranar kake da aikin ɗakin gwaje-gwaje na kemistiri, washegari kuma jarrabawar tsakiyar zango, shi ne kake tambaya ko rashin zuwanka zai zama saɓa wa al'ada da yanke zumunci. Na ji daɗi da ka tambaya tun kafin ranar ta zo, domin tambayar da kanta tana cikin abin da al'adar take nema.

Ka fara sanin matsayin abin. Sallar jana'iza farilla ce ta kifaya, idan wasu sun yi ta sauka daga wuyan sauran, ballantana kai ka halarce ta, ka kuma zauna zaman makoki. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in kuwa al'ada ce da muka gada, malaman Kumasi ma sun saɓa a kanta, wasu suna yi wasu ba sa yi. Gidanmu muna yi, ina kuma son ka riƙe ta da daraja, amma ban taɓa jin malamin da ya ce wanda uzuri ya hana shi zuwa ya yi zunubi ba.

Ka tuna kuma su wane ne suka kafa zangon Hausawa na Kumasi. Kakanninmu fatake ne, suna tasowa daga Kano da Katsina da jakuna zuwa Gwanja neman goro, su yi watanni a hanya, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da yawa suka watsu zuwa wasu kasuwanni, har ƙarshe Kumasi ta zama mazauninsu. Mutumin da yake kan hanya haka ana haihuwa a gidansa, ana mutuwa, bai sani ba. Saboda haka al'adarsu ta tanadi wurin mai uzuri: idan ya sauke kaya, kafin ya shiga kasuwa sai ya bi gidajen da aka yi rashi ɗaya bayan ɗaya ya yi ta'aziyya. Abin da ba a yafewa shi ne shiru, wato a neme ka a rasa, ba ka zo ba, ba ka aiko ba, sai bayan wata biyu a gamu da kai a kasuwar Kejetia kana sunkuyar da kai.

Game da karatun, na koyar da kimiyya a sakandare shekaru masu yawa, kuma ina tabbatar maka kemistirin shekarar farko ba ya yafe giɓi, domin kowane darasi a kan na bayansa yake zaune. Wanda bai kama lissafin mol ba, wato ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari, bai gane cewa giram 18 na ruwa da giram 40 na sodiyom haidiroksaid adadin ƙwayoyinsu ɗaya ba ne, wato 6.022 × 10²³, to daidaita lissafin haɗuwar sinadarai zai gagare shi, daga nan kuma babin asid ya zame masa duhu. Aikin Alhamis ɗin da ka ambata, na auna ƙarfin asid, hannu ne yake koyonsa. Za ka narka giram 4 na sodiyom haidiroksaid a ruwa har ya cika lita 1, ka zuba a dogon bututun gilashi mai famfo, kana sakinsa ɗigo-ɗigo cikin asid ɗin da aka ɗiga wa finoftalin, sinadarin da ke canza launi, hannunka ɗaya a famfo ɗaya yana juya kwalba, har ɗigo guda ya mayar da ruwan launin hoda mai haske wanda bai gushe ba. Idan ka wuce da ɗigo biyu ko uku launin ya yi kauri, lissafinka ya ɓaci, sai ka sake daga farko. Littafin abokinka ba zai ba ka wannan ba, kuma rubuta rahoton gwajin da ba ka tsaya a kansa ba ƙarya ce, ko da an ba ka maki. A jami'arku ta kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) kuma makin kowane darasi yana shiga matsakaicin da zai bi ka har shekarar ƙarshe.

Sai dai ina jan kunnenka a kan abu ɗaya. Idan yini guda ne zai rushe maka jarrabawa, to akwai alamar kana tara karatu sai dare ya yi. A makarantar allo ba a wanke maka allo sai ka biya abin da ke kansa ba tare da gargada ba, kuma kullum da asuba ake tilawa. Haka nake so ka ɗauki kemistiri. Duk ranar da aka yi lakca, ka warware lissafi uku ko huɗu a kanta kafin ka kwanta, da alƙalami, littafi a rufe. Ka rubuta rahoton gwaji a ranar da ka yi shi, tun launin yana idonka. Inda ka kasa ganewa ka je wurin malamin ko mataimakinsa ka tambaya, domin kunyar da muka koya muku ta gaban manya ba ta hana neman bayani. Idan ka riƙe haka, suna da ɗaurin aure da yawanci ake yi ranar Asabar ko Lahadi ba za su gagare ka ba, kuma a kansu ba zan karɓi uzurin karatu ba.

Saboda haka ranar Lahadi mai zuwa ka hau motar haya ta tirotiro daga Tek, tashar bakin jami'arku, ka je Aboabo bayan la'asar. Ka riƙe goro da ɗan abin da ya sawwaƙa na gudummawar sadaka, ka durƙusa ka gaida gwaggonka, ka faɗa mata uzurinka da bakinka, kada ka aika ta waya. Ka nemi babban ɗan marigayin shi ma ka sanar da shi, ka tambaye shi ko akwai aikin da za ka ɗauke masa a ranar. Alhamis ɗin ni zan tsaya a madadinka, idan an tambaya in ce kana makaranta da izinina. Ranar Asabar bayan jarrabawa ka koma ka yi wa mamacin addu'a, sannan ka biyo ta gida da takardar tambayoyin mu duba tare. Allah ya jiƙansa, ya ba ka sa'a.

Kawunka.