Likita Ya Amsa: Ƙananan RNA da Bazuwar Sankara

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. An yi wa yayata aikin sankarar mama, amma bayan shekara biyu aka ce ciwon ya ɓulla a hanta. Ɗana mai karatun kimiyya ya ce akwai wasu ƙananan RNA da ciwon yake toshe wa baki. Mene ne gaskiyar wannan magana? Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Maganar ɗanki tana kan hanya. RNA kwafi ne na saƙon gado da ke cikin ƙwayoyin jiki. Waɗannan guntayen RNA, waɗanda tsawonsu bai wuce haruffan gado kusan 22 ba, ba sa ƙera furotin da kansu. Aikinsu shi ne su taka wa wasu ƙwayoyin gado birki. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka fara bankaɗo su a jikin wata 'yar tsutsa a 1993, aka kuma ba su lambar yabo ta Nobel a 2024.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, sau da yawa ciwon ba ya goge rubutun waɗannan ƙananan RNA da ke cikin DNA, wato kundin gado na ƙwayar jiki. Wasu ƙananan sinadarai da ake kira metil ne suke manne a bakin wurin da ake karanta shi, tamkar kwado a jikin ƙofa: ɗakin yana nan da kayansa, amma ba mai shiga. Ɗauki dangin ƙananan RNA da ake kira miR-200, waɗanda ke danne furotin ZEB1 da ZEB2. Idan aka rufe miR-200, waɗannan furotin biyun sai su hana samar da E-cadherin, wato danƙon da ke riƙe ƙwayoyin jiki da juna, sai ƙwayar ciwon ta saki maƙwabtanta, ta kutsa cikin jini ko hanyoyin kaluluwa, ta yada zango a hanta, huhu ko ƙashi. A 2008, tawagar Manel Esteller a Sifaniya ta nuna irin wannan rufewa ga wasu ƙananan RNA, wato miR-148a, miR-34b/c da miR-9 a ƙwayoyin ciwon da ya riga ya bazu.

Kwado kam ana iya buɗe shi. Maganin azacitidine, wanda Amurka ta amince da shi a 2004, yana rage metil, sai dai cututtukan ɓargo ake bayar da shi dominsu, ba sankarar mama ba. Gwajin wani magani mai kwaikwayon miR-34 kuwa an dakatar da shi a 2016 saboda ya tayar da garkuwar jikin majinyata fiye da kima. Don haka yayarki ta riƙe maganin da likitocinta suka ɗora ta a kai, kada kuma ta saɓa ranar komawa asibiti.