An bar min mabiya a ciki bayan haihuwa, me zan sa wa ido?

Tambaya: Likita, yau kwana 12 da aka yi min aiki aka ciro jaririyata. An ce mabiya ta manne a jikin mahaifa, sai aka yanke cibiya aka bar ta a ciki don kada a cire min mahaifa. Wace matsala ka iya biyo baya?

Amsa: Sannu da jiki 'yar'uwa, Allah ya raya. Mabiyar da ta kafe cikin naman mahaifa galibi kan tabon tsohon aiki take kamawa, kuma fizgar ta kan ɓalle jinin da ke wuyar tsayawa. Shi ya sa aka bar ta jiki ya narkar da ita a hankali. Amma ki sani, har yanzu ba ki fita daga haɗari ba.

Abin da na fi ji miki shi ne jini. Yana iya ɓallewa ba zato bayan makonni, kina zaune lafiya lau. Idan kika jiƙe audugar mata cikin awa ɗaya, ko kika ga gudan jini, ko jiri ya ɗebe ki, ki tafi asibitin da ke da jini da likitan tiyata a lokacin, ko da tsakar dare ne. Kada ki jira gari ya waye. Wani lokacin jinin ma yakan daina daskarewa, shi ya sa gwajin jinin da ake kiran ki yi yake da muhimmanci.

Sai ƙwayoyin cuta, domin mataccen nama wurin zamansu ne. Zazzaɓi, rawar sanyi, ciwon mara ko ruwa mai wari, ko ɗaya kika gani ya isa ki tafi asibiti. Cutar na iya shiga jini, har mahaifar ta ruɓe.

A wani bincike da aka wallafa a 2010 kan mata 167 a Faransa, kashi 78 cikin 100 sun tsira da mahaifarsu, amma a cikin sauran akwai mata 18 da sai daga baya aka cire musu. Narkewar mabiya ta ɗauki kimanin mako 13, wasu har mako 60. Mace ɗaya ta rasu sakamakon allurar methotrexate (maganin da wasu ke bayarwa don mabiya ta narke da wuri), kuma ni ba na ba da shawarar amfani da ita a nan.

Idan kika sake samun ciki, mabiya na iya sake mannewa. Ki fara awo da wuri, ki gaya musu wannan tarihin, a duba inda mabiya ta zauna ta hoton ciki.