Muryar amsa: shekarun littattafan kiɗan lut

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata, na ji tambayarki ta daren jiya, wai yaya ake gane shekarun tsoffin littattafan kiɗan lut, molon nan na Turawa mai ƙaton ciki, kuma a ina za ki gan su. Ku yi haƙuri da ƙarar janareta.

To, kada shekarar da kika gani a shafin farko ta ruɗe ki. Littafin Jane Pickering da ke British Library 1616 aka rubuta a kansa, amma shekaru bayan nan wani hannun daban ya zo ya ƙara kiɗa a ciki. Kin ga littafi ɗaya, zamani biyu.

Shi ya sa masana ke ɗaga takardar su haska ta, su duba tambarin da masu yin ta suka bari a jikinta. Kin tuna takardar nan mai tambarin jinjirin wata uku da malamanmu suka yi ta rubutu a kai? Ai daga Italiya take, kuma dabarar ɗaya ce. Wani Briquet ya tara irin tamburan nan sama da 16,000, ya buga a 1907, sai a gwada. Sai dai fa takarda tana iya kwana a akwati kafin alƙalami ya taɓa ta.

Ni na fi son ƙirga tsirkiya. Rubutun kiɗan lut layuka ne, kowane layi tsirkiya, a ɗora harafi ko lamba a nuna inda yatsa zai danna. Italiya lamba, Faransa da Ingila harafi. Farkon ƙarni na 16 jerin tsirkiya shida ne a jikin lut, wajen 1620 an kai goma. Kiɗan da ke neman jeri goma, wallahi ko wa ya rantse miki, ba na 1520 ba ne.

Ki fara da littafin Capirola, wani makaɗin lut ɗan Italiya, na wajen 1517, yana ɗakin karatu na Newberry a Chicago. Almajirinsa Vidal ya cika gefen shafukan da zanen dabbobi da tsuntsaye, wai ko ya faɗa hannun wanda bai san kiɗa ba zai adana shi don hotunan. Kuma ga shi ya kai yau!

Ba sai kin nemi biza ba. Littattafan lut da Matthew Holmes ya kwafa suna intanet a Cambridge Digital Library kyauta, na Faransa ki shiga Gallica, shafin babban ɗakin karatun ƙasar, RISM kuma, kundin tsoffin rubutun kiɗa, zai gaya miki wane ɗakin karatu ke riƙe da wane. Ki dai tanadi data, hotunan suna da nauyi.