Shin karatun hadda ne ke dakushe burin yaran talakawa?

Tambaya: Ni malamin firamare ne a unguwar marasa ƙarfi. Ɗalibaina suna iya maimaita duk abin da na rubuta a allo, amma da zarar na sauya wa tambaya fuska sai aji ya yi tsit. Idan kuma na tambaye su abin da suke so su zama, da wuya a sami wanda zai ambaci abin da ya wuce sana'ar da yake gani a gidansu. Shin yadda muke koyarwa yana da hannu a wannan?

Amsa: Malam, yana da hannu, sai dai ba zan ɗora maka laifin ba. Hadda a karan kanta ba aibi ba ce, domin yaron da bai riƙe jadawalin ninkawa a ka ba zai sha wuya a lissafin da ke gaba. Ɓarnar tana farawa ne idan hadda ta zama ita ce karatun gaba ɗaya, kuma rashin kuɗi ne yake kai makaranta ga haka. Malami ɗaya ne a gaban aji maƙil da yara, littattafai ba su isa ba, babu ɗakin gwaje-gwaje, ga jarrabawar da ba ta neman komai sai abin da aka bita, don haka karatu da murya ɗaya ya zama hanya mafi arha ta riƙe aji. A 2019 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 53 cikin ɗari na yara masu shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi, alhali da yawansu suna zuwa makaranta.

Batun buri shi ne ya fi damuna. A 1980 wata mai bincike, Jean Anyon, ta wallafa abin da ta gani a makarantun firamare biyar na jihar New Jersey a Amurka. A makarantun 'ya'yan leburori, aikin ɗalibi shi ne ya kwafi abin da ke allo ya bi matakan da aka ba shi, ba tare da an bayyana masa dalili ba. A makarantar 'ya'yan manyan shugabannin kamfanoni kuwa, ana sa yaro ya yi nazari, ya kawo hujja, har ya ce bai yarda da wata amsa ba. Yaron da ya shekara shida ana yaba masa don ya yi shiru ya maimaita, yakan taso da yaƙinin cewa tunani aikin wasu ne, shi kuwa nasa cika umarni. Da wuya irin wannan yaro ya hango kansa a matsayin likita, injiniya ko alƙali, kuma ko da ya hango, karatun gaba yana buƙatar bayani da warware matsala, waɗanda ba a taɓa horar da shi a kansu ba.

Gyara na haƙiƙa yana wuyan hukumomin da ke ware wa ilimi kuɗi da masu tsara jarrabawa. Duk da haka akwai abin da ke hannunka. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi fice da raba yara rukuni-rukuni bisa abin da kowa ya iya karantawa a yanzu, ba bisa shekaru ko aji ba, kuma hanyar ba ta buƙatar kayan aiki masu tsada. Ka gwada hakan ko da awa ɗaya ce a rana. Idan yaro ya ba da amsa, ka tambaye shi yadda ya same ta, idan kuma ya yi kuskure, ka bar shi ya gama bayaninsa kafin ka gyara masa.