Tambaya da Amsa: Da gaske Boeing ya ɓoye jirgin da ƙasa ba ta ja?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam Injiniya. Ina aikin lodi a ɓangaren kago na filin jirgin saman Murtala Muhammed da ke Ikeja. Wani abokin aikina ya nuna mana bidiyo a WhatsApp, wai Boeing da wasu manyan kamfanonin ƙera jirage sun daɗe da gano yadda za a kashe ƙarfin jan ƙasa, jirgi ya tashi ba fiffike ba mai, amma suka ɓoye don kada kasuwar mai ta mutu. Na ce masa ƙarya ce. Ya ce in ƙarya ce, me ya sa suka zuba kuɗinsu a ciki? Nan na rasa bakin magana. A taimaka mana, don musun ya kusa ɓata mu.
Mai karatu daga Agege

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ƙara ce masa duk ƙarya ce, zai kayar da kai. Kamfanonin sun leƙa wannan fage, da sunayensu da shekarunsu a rubuce. Jirgin ne dai babu shi.

Dalilin kwaɗayinsu kuwa kai ka fi kowa saninsa, tunda kullum kana ganin yadda ake ɗora kowane ƙunshi a sikeli kafin a rubuta takardar lodi. A shekarun da na yi ina gyaran jirage a Ikeja, ban ga abin da ake wa lissafi kamar nauyi ba, hatta fentin jikin jirgi ana ƙirga shi. Boeing 747 idan ya cika maƙil yana kusan tan 400. Wanda ya iya rage masa kashi 2 cikin 100 kacal ya ba shi wurin ƙarin kaya tan 8 a kowace tafiya. Ga kuma mai. Ka tuna watan Mayun 2022, lokacin da kamfanonin jiragen Najeriya suka yi barazanar ajiye jiragensu saboda lita ta kai naira 700. Roka ta fi shiga uku, don kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinta lokacin tashi mai ne. To wa zai ji ana raɗe-raɗin an sami maganin nauyi ya toshe kunne?

Abin ya fara tashe ne a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1948 wani attajiri mai suna Roger Babson ya kafa gidauniyar binciken jan ƙasa. Yana yaro 'yar'uwarsa ta nutse a ruwa, shi kuwa ya ɗora laifin a kan ƙarfin da ya ja ta ƙasa, ya ƙuduri aniyar a samo masa garkuwa. A 1955 kamfanin ƙera jirage na Glenn L. Martin ya buɗe cibiyar bincike a Baltimore, ya ɗauki masanin kimiyyar fiziks Louis Witten don ya duba lamarin. Wani attajirin, Agnew Bahnson, ya ɗauki nauyin wata cibiya a jami'ar North Carolina, wadda ta shirya babban taron masana a Chapel Hill a 1957. Abin da ke ba ni dariya a nan shi ne, masanan da suka karɓi kuɗin sun san ba za a sami garkuwar ba. Sai suka yi amfani da damar suka farfaɗo da nazarin ka'idar Einstein kan jan ƙasa, wadda a lokacin aka yi wa riƙon sakainar kashi. Gasar rubutun gidauniyar Babson tana nan har yau, shahararren masanin fiziks Stephen Hawking ma ya zo na ɗaya a cikinta a 1971, kuma ba maganar jirgi mai shawagi ya rubuta ba.

Labarin da bidiyonku ya dogara da shi ya fito ne daga wani Barashe, Eugene Podkletnov, da ke aiki a jami'ar fasaha ta Tampere a ƙasar Finland. Yana gwaji da wani faifan tangaran na musamman, irin wanda idan an sanyaya shi matuƙa lantarki ke ratsa shi ba tirjiya. Ya sa faifan yana juyi da gudu a kan maganaɗisu. A cewarsa, wani ya shigo ɗakin yana shan lofe, sai ya lura hayaƙin na miƙewa sama sak idan ya zo saitin faifan. A 1992 ya wallafa cewa abin da aka rataya a saman faifan yana rasa ɗan nauyi, ƙasa da kashi 1 cikin 100. Daga baya ya ce ya kai kashi 2. A 1996 wata jaridar Ingila ta fasa ƙwai kafin sabuwar takardarsa ta fito, hayaniya ta tashi, aka janye takardar, shi ma ya bar jami'ar.

Daga nan manya suka miƙe tsaye. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gwada a cibiyarta ta Marshall da ke Alabama, ba ta ga komai ba. Kamfanin BAE Systems na Birtaniya yana da wani ɗan shiri mai suna Greenglow ƙarƙashin injiniya Ron Evans, yana ba wasu jami'o'i kuɗin bincike kaɗan-kaɗan, kuma har Evans ya yi ritaya ko tsinke bai tashi ba. A watan Yulin 2002 mujallar harkokin tsaro ta Jane's Defence Weekly ta ruwaito cewa sashen binciken Boeing da ake kira Phantom Works yana da wata takarda mai laƙabi GRASP, da ke duba ko akwai abin ɗauka a aikin Podkletnov. Boeing ya fito ya ce ba ya zuba kuɗi a irin wannan bincike. A 2003 wasu masana a Toronto ta Kanada suka ƙera nasu faifan suka auna, nauyi bai motsa ba. Podkletnov ya dage cewa ba a bi tsarinsa daidai ba. Ni dai a wurinmu, gyaran da mutum ɗaya ne kawai ke iya ganin ya yi, ba a sa masa hannu jirgi ya tashi.

Yanzu ga amsar da za ka ba abokinka. Tambaye shi nawa suka zuba. Shirin NASA na binciken hanyoyin tafiya da suka wuce ilimin yau, wanda Marc Millis ya jagoranta daga 1996 zuwa 2002, gaba ɗayansa bai kai dala miliyan 2 ba. Injin guda na babban jirgin fasinja ya ninka wannan kuɗi sau da yawa. Kamar dilan tumatir ne a kasuwar Mile 12 ta Legas ya ji ƙishin-ƙishin wai akwai wani ƙauye da kwando ya faɗi warwas. Ba zai tura tirela ba, zai ba yaro kuɗin mota ya je ya gano. In gaskiya ne ya riga abokan hamayya, in ƙarya ce asarar kuɗin mota ce. Tura yaron ba ya nufin akwai tumatirin.

Maganar ɓoyewa kuma ba ta shiga kaina. Boeing ya kashe biliyoyin daloli wajen ƙera 787, ya yi kusan rabin jikinsa da zaren kabon maimakon gorar ruwa, duk don ya rage shan mai da wajen kashi 20 cikin 100. Shi da Airbus kullum suna kokawa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na tsimin mai. Mai maganin nauyi a cikin durowa ba zai sha wannan wahala ba. Kuma ko Amurka ta ɓoye, wa zai hana Sin da Rasha? Podkletnov ɗin ma ai nasu ne.

Na san irin hoton da ake sawa a waɗannan bidiyoyi: wani ɗan firam mai kusurwa uku na siririn katako da takardar gorar ruwa, an jona masa waya, yana lilo a sama. Wannan ya samo asali daga gwaje-gwajen Thomas Townsend Brown tun shekarun 1920. Yana tashi da gaske, amma iska ce ke ɗaga shi. Lantarki mai tsananin ƙarfi ne ke caja ƙwayoyin iska ya tura su ƙasa. A sa shi a tulun da aka zuƙe wa iska, sai ya kwanta. A 2018 masana a jami'ar MIT ta Amurka sun tashi ɗan jirgi mai fiffiken mita 5 da wannan dabara, ya yi tafiyar mita 60 a cikin ɗakin wasanni, kuma su da bakinsu ba su ce sun taɓa jan ƙasa ba. Wata ƙofar da masu fata suka daɗe suna haƙo ita ce kishiyar haidurojin, wato ƙwayar sinadarin haidurojin da cajin lantarkinta ke a juye, wai ƙila ita sama take faɗawa. A 2023 cibiyar binciken fiziks ta Turai, CERN, da ke kusa da Geneva ta sake ta a cikin na'ura ta auna. Ƙasa ta nufa.

TAMBAYA: Baba Injiniya, barka da aiki. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar a sakandare. Idan ba a iya kashe jan ƙasa, yaya 'yan sama jannati ke yawo a iska a cikin tasharsu? Yayana ya ce NASA na da ɗakin da ake kunna wannan.
Ɗaliba daga Idi-Araba

AMSA: Yauwa 'yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ki gaya wa yayanki babu wannan ɗaki. Tashar tana kimanin kilomita 400 daga ƙasa, kuma a can jan ƙasa na nan da ƙarfinsa, kusan kashi 90 cikin 100 na wanda ke riƙe da ke a Idi-Araba. Faɗowa suke yi, su da tashar tare. Sai dai suna gudu ta gefe da kusan kilomita 28,000 a awa, shi ya sa suke ta kewaya duniya ba su iso ƙasa ba. Wajen horo kuwa, ko dai a sa su a ƙaton tafkin ruwa a Houston, ko a ɗauke su a jirgin da ke hawa ya sulmiyo, su sami daƙiƙa 20 zuwa 25 suna shawagi kafin matuƙi ya sake ɗago hancin jirgin.