Kaurin audugar silin: amsa ga yarona

Ka tambaye ni ko ƙara kaurin audugar gilashi, wadda muke shimfiɗawa a saman silin don tare zafi, yana biyan kuɗinsa. Ku yaran yanzu komai sai an tauna muku. Da ka taɓa ɗora tafin hannunka a kan silin da tsakar rana, da ka sami rabin amsar.

Daga babu zuwa santimita 5, nan babbar riba take. In ka kai 10, zafin da ke ratsa audugar ya ragu da rabi. In ka kai 20 ya sake raguwa da rabi, amma rabin abin da ya riga ya ƙanƙance ne, kuɗin kaya kuwa ya ninka. A Ingila, saboda sanyinsu, har santimita 27 suke ba da shawara. Ladan aikinmu kusan ɗaya ne ko siririya ko mai kauri, shi ya sa a rufi nake cewa a sa mai kauri tun farko.

Amma sai in rufin ba ya yoyo. Wani mutum ya taɓa ba ni aiki, na hau na ga hasken rana na lekowa ta ramukan ƙusa a kwano. Na ce a toshe tukuna. Ya rantse mini mai gyara na zuwa cikin makon, ni dai in shimfiɗa. Na shimfiɗa masa tsaf, ko yatsa ba ya shiga tsakani. Ashe kuɗin gyaran ya zuba wajen sayen mai kaurin! Iskar da ke maƙale cikin audugar ita ke tare zafi, in ruwa ya maye gurbinta an gama. Ruwan sama ya sauka, audugar ta sha ta yi nauyi, silin ya yi tabo, ya yi ciki, ya rufto. Mutumin nan ya danne cikon kuɗina, ya bi mutane yana cewa ban iya aiki ba. Ni! Daga aljihuna na sallami yaran da suka taya ni, har yau in na tuna raina sai ya ɓaci.

Yankawa da shimfiɗawa ba zan ɓata bakina a kai ba. Kar dai in kama ka kana danna mai kauri cikin ƙaramin gurbi, matsewa na rage mata aiki. Gobe kai za ka fara hawa ka duba mini kwanon nan.