Hukuncin Noma Gonar Jingina

Tambaya: Allah gafarta Malam, a ƙauyenmu idan damina ta kawo jiki, masu ƙarfi ne kaɗai ke iya sayen taki da biyan kuɗin huɗa. Sauranmu sai gayya, wasu kuma su ba da gona a noma a raba. Ni shekaru 2 da suka wuce na ranci naira 300,000 a wajen maƙwabcina, na jinginar masa da fadamata, yana nomawa yana kwashe amfanin har ranar da zan biya shi. Haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi. Mene ne hukuncin waɗannan abubuwa?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, gayya halal ce, alheri ce ma, tana cikin taimakekeniyar da Allah ya yi umarni da ita a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida. Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyyawa, wata ƙabila ta sahabbai daga Yaman, waɗanda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi guda su raba daidai, har ya ce su nasa ne, shi kuma nasu ne. A dai kiyaye lokacin salla.

Noman rabo ma yana da asali, domin bayan buɗe Khaibar a shekara ta 7 bayan hijira, Annabi ya bar wa mutanenta ƙasar su yi aiki a kan rabin abin da ta fitar. Sharaɗinsa a ambaci rabi ko sulusi na dukkan amfanin. Ba a cewa tudu naka kwari nawa, ko buhu 10 nawa ko an samu ko ba a samu ba. Wannan shi ne abin da hadisin Rafi'u bn Khadij ya hana. Malamanmu na Malikiyya sun ƙara da cewa kada iri ya zama shi ne ladan ƙasa, don haka ya fito daga mai gona, ko su haɗa su biyun.

Inda matsalar take shi ne jinginar nan taka. Jingina ita kanta shari'a ta san da ita, tana cikin aya ta 283 ta Suratul Baƙara, kuma Annabi ya rasu sulkensa na jingine a wajen wani Bayahude saboda sa'i 30 na sha'ir. Amma amfaninta kawai hankalin mai bin bashi ya kwanta. Gonar tana nan taka, amfaninta ma naka ne. Maƙwabcinka ya ci damina 2, ƙila har da noman rani, kuma kuɗinsa na nan cif a wuyanka ko kwabo bai ragu ba. Wannan ƙarin a madadin me ya ci shi? Rance ne ya jawo riba, shi kuwa malamai sun haɗu a kan haramcinsa. Buhari ya ruwaito Abdullahi bn Salam yana ce wa Abu Burda, idan kana bin mutum bashi ya kawo maka kyautar damin ƙaiƙayi ko na sha'ir ko na ciyawa, kada ka karɓa, riba ce. To ina ga fadama sukutum? Shehu Khalil a Mukhtasar ya halatta sharɗanta amfani da abin jingina idan bashin ciniki ne kuma an ƙayyade lokacin, ya cire rance ƙarara.

Kada ka ce ai da yardarka. Wanda rashin lafiya ko yunwar bazara ta kora ƙofar mai kuɗi zai yarda da komai. Abin yana ƙona mini rai ganin magidanci yana ƙodago a gonar ubansa, an kuma toshe masa hanyar da zai bi ya biya.

Abin yi yanzu, ku zauna gaban limami da dattawan da suka san farashin ƙasa, a ƙiyasta kuɗin hayar fadamar na shekarun da ya noma, a cire daga bashin. Amfanin da ya shuka nasa ne, tunda irinsa ne da guminsa. Ragowar kuɗin ka biya shi a wa'adin da za ku rubuta da shaidu, ku duka ku nemi gafarar Allah.

Nan gaba mai neman kuɗin taki ya ba da gonar haya tun farko, da kuɗi sananne na shekaru sanannu, wa'adi na cika ta dawo masa babu biyan komai. Ko ya yi salam: ya karɓi kuɗin baki ɗaya yanzu, ya kawo gero ko masara da kaka, a faɗi nau'i da mudu da rana kamar yadda ya zo a hadisin Ibn Abbas, ba tare da ɗaure shi da amfanin wata gona takamaimai ba. Amma buhu 1 da bazara a biya 2 da kaka, wannan riba ce tsagwaronta.

Allah ne mafi sani.